Akwati shuɗi da gwangwanayen Jos

Malam, ka ce ka ga hoton wani yaronmu a Manchester ya naɗe wuya da dogon mayafin ulu, riƙe da ɗan akwati shuɗi, shi ne kake tambaya ko mu Hausawan Ingila mun narke ke nan. Ba mu narke ba. Kayan Doctor Who ne ka gani, kuma kafin ka yi mana dariya, ka sani ƙasarku ma tana da hannu a ciki.

Shirin talabijin na BBC ne, an fara shi ranar Asabar 23 ga Nuwamba 1963. Kowane kashi minti 25, baƙi da fari har zuwa 1970. Jarumin, wanda ake kira Doctor, baƙo ne daga wata duniya, yana yawo tsakanin zamanai a jirgi mai siffar shuɗiyar rumfar wayar 'yan sanda, cikinsa ya fi wajensa faɗi. Iyayenmu da suka zo karatu a shekarun nan a ɗakunan haya suka same shi, inda sai ka jefa tsaba a mita kafin wuta ta kawo. A tsakiyar hunturu Magariba kan faɗi kafin ƙarfe huɗu a Landan, shirin kuwa sai bayan biyar, saboda haka ba a taɓa jin wanda ya ce ya hana shi salla ba.

Abin da ya sa tsofaffin kashi-kashin suka fi shiga rai shi ne dabarar marasa kuɗi. Dodon nan Dalek da yara ke ɓuya bayan kujera saboda shi, mutum ne zaune a ciki yana tura shi da ƙafa a kan ƙananan tayoyi, hannunsa ɗaya kuma robar zuƙe toshewar kwatami ce. Shi ya sa matakala ta daɗe tana gagarar sa. Ƙarar tashin jirgin, mabuɗin ƙofa aka goga a kan wayoyin wani tsohon piyano, aka ɗauka a tef aka sarrafa. Kiɗan buɗewa kuwa Delia Derbyshire ce ta haɗa shi sauti bayan sauti, tana yanka tef tana liƙawa. Wanda ya ga yadda aka fara fim a Kano da kyamara guda ba zai raina wannan aiki ba.

To ga inda kuka shigo. A lokacin tef ɗin bidiyo mai faɗin inci biyu tsada gare shi, sai BBC ta riƙa gogewa tana sake ɗaukar wani shirin a kai, har zuwa wajen 1978. Abin da ya tsira shi ne kwafin da aka juya a fim mai milimita 16 don sayar wa ƙasashen waje. Tasha ta nuna, ta miƙa wa ta gaba, daga ƙarshe a mayar ko a lalata. Wasu gwangwanayen fim ɗin ba a yi musu ko ɗaya ba. A Oktoba 2013 aka sanar cewa Philip Morris, wani mai farautar tsofaffin faya-fayai, ya gano tara daga cikin kashi-kashin da suka ɓata ajiye a wata tashar talabijin a Jos: biyar na labarin The Enemy of the World, huɗu na labarin The Web of Fear, na zamanin da ɗan wasa Patrick Troughton ke fitowa a matsayin Doctor, 1967 zuwa 1968. Irin wannan fim zafi da laima ke kashe shi. Ya fara warin tsami, ya motse, ya kanannaɗe, daga nan ba ya shiga inji. Ni dai a ganina sanyin Filato ya yi wa Turawa rana.

Sauran maganarka, ta aure, cewa muna auren waɗanda ba Hausawa ba. E, cikinmu akwai masu auren Turawa, akwai masu auren Yarbawa da 'yan Pakistan, an ɗaura da waliyyi da sadaki da shaidu kamar yadda ake yi a Fagge. Sau da yawa ta wajen dangin uwa faya-fayan shirin ke shigowa gida. Amma yaron da ka gani da akwati, da safiyar Asabar ɗin yana Islamiyya, da dare kuma tuwon semo da miyar kuka zai ci. Kakarsa ta yi masa magana da Hausa, ya ba ta amsa da Turanci. Wannan yana mana ciwo, ba sai kun riƙa tuna mana a kowane biki ba, ku da 'ya'yanku na Abuja ma haka suke yi.

Batun da ya fi tada jijiyar wuya a gidajenmu shi ne sauya jiki. A 1966 William Hartnell, ɗan wasan da ya fara fitowa a matsayin Doctor, ya gaza saboda rashin lafiya, sai marubuta suka ce Doctor yana iya sabunta jikinsa, aka kawo wani ɗan wasan. Dattawanmu ba sa barin wannan ya wuce haka nan. Ana zaunar da yaro a ce masa tatsuniya ce irin ta Gizo, wanda ya mutu ba ya dawowa sai ranar tashi. Ya gane, a ci gaba da kallo.

Kashi na uku na The Web of Fear bai zo tare da 'yan uwansa ba. In kana da wani a tsohon sito na gidan talabijin, ka ce masa ya duba gwangwanaye zagayayyu masu faɗin faranti, kada ya warware fim ɗin, kada ya bar su a rana. Kukar da ka ce za ka aiko tun Sallar bara ma muna nan muna jira.