Amsa ga Hajiyar da ta tambaya ko an hana yara salla a makarantun gwamnati a Amurka

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kin ce watanku huɗu da zuwa New York, ɗanki zai shiga aji tara, wata maƙwabciya kuma ta gaya miki doka ta hana salla a makarantun gwamnati, har kina shawarar mayar da shi gida wurin kakarsa. Don Allah ki dakata tukuna. Shekarata goma sha tara a unguwar Bronx ta nan New York, 'ya'yana uku sun bi ta makarantun nan, kuma duk sun yi salla a ciki.

Maƙwabciyarki rabin zancen ta ji. Makaranta aka hana ta sa yara addu'a, shi yaro ba wanda ya hana shi. Tushen abin gyara na farko ne da aka yi wa tsarin mulkin ƙasar a 1791, wanda ya ce gwamnati ba za ta kafa addini ba, ba kuma za ta hana mutum yin nasa ba. Malamin makarantar gwamnati a cikin aji gwamnati ne. A 1962 Kotun Ƙoli ta soke wata addu'a mai kalma 22 da hukumar ilimin jihar nan tamu ta tsara don a riƙa karantawa da safe, a shari'ar Engel da Vitale. A 1963 ta hana karanta ayoyi goma na Baibul kowace safiya a makarantun Pennsylvania. Daga nan maganar "an kori Allah daga makaranta" ta bazu, har ta iso kunnen maƙwabciyarki.

Da na fara jin wannan raina bai so ba. Mu da muka tashi da addu'a a asambali, kowa ya ɗaga hannu a shafa Fatiha, sai na ga kamar makarantar ba albarka. Ranar da na shiga ajin babban ɗana na ƙirga yara kusan talatin, Musulmi uku a ciki, sai tunanina ya sauya. In aka ba malama izinin jan addu'a, addu'ar wa za ta ja? Yaro ɗan shekara bakwai zai iya zama alhali kowa ya miƙe? Irin wannan matsin kotun ta duba a 1992, da aka gayyaci malamin Yahudawa ya yi addu'a a bikin yaye ɗalibai a wata makarantar gwamnati a birnin Providence, ta ce ko ba a tilasta kowa da baki ba, kunyar tsara ma tilas ce ga yaro. A 2000 ma ta hana addu'a ta lasifikar makaranta kafin wasan ƙwallo a Texas, duk da cewa ɗalibi ne mai yin ta. Katangar nan tsakanin gwamnati da addini da ta ba ni haushi da farko, ita ta tsare mini 'ya'ya.

Shi kuwa ɗanki, tun 1969 kotun ta ce ɗalibi ba ya ajiye 'yancinsa a ƙofar makaranta. A lokacin cin abinci, ko tara, ko kafin a shiga aji, yana iya salla, ya karanta Alƙur'aninsa, su yi jam'i da abokansa. Akwai kuma dokar 1984 da ta ce sakandaren da ke karɓar kuɗin tarayya, muddin ta bar ɗalibai suna kafa ƙungiyoyin da ba na darasi ba, dole ta bar na addini. Wata yarinya Kirista a Nebraska ce ta kai ƙara a kanta don a bar su su kafa ƙungiyar karatun Baibul, ta yi nasara a 1990. Yau ƙungiyoyin ɗalibai Musulmi suna cin moriyar wannan shari'a. Sharaɗin shi ne yara su ja abinsu. Malami zai zauna ya sa ido kawai, liman daga waje ba zai riƙa zuwa duk mako yana jan su ba.

Wahalar gaske ta agogo ce. Watannin zafi ba matsala, la'asar tana kai wa wajen biyar, yaro zai dawo gida ya yi azahar a kan lokaci. Amma daga Lahadin farko ta Nuwamba, da an mayar da agogo baya, azahar kan shiga kafin sha biyu, la'asar biyu da 'yan mintoci, rana ta faɗi huɗu da rabi a Disamba. A shekarar da babban ɗana ya shiga aji tara, an sa masa cin abinci goma da rabi, rana ba ta yi zawali ba. Sai ya riƙa laɓewa ƙarƙashin matakala tsakanin darasi da darasi, ya shimfiɗa rigar sanyinsa ya yi salla a gurguje. Wata rana mai gadi ya same shi a sujada, ya tsaya a kansa har ya sallame, ya kai shi ofis. Mataimakiyar shugaban makarantar ta ce masa ba a addini a nan. Ya dawo gida bai ci abinci ba, sai da uwarsa ta lallashe shi ya faɗi.

Washegari na je da takarda a rubuce, ban ɗaga murya ba. Na ce ba masallaci nake nema ba, minti goma nake roƙo da wuri mai tsabta, kuma duk abin da ya wuce shi zai rama. Na tuna mata cewa kowace shekara hukumar makarantu tana tabbatar wa jiha a rubuce ba ta da tsarin hana addu'ar da tsarin mulki ya kare, sharaɗi ne na karɓar kuɗin tarayya. Ta nemi kwana biyu. Daga ƙarshe mai kula da ɗakin karatu, dattijuwa Bakatolika, ita ta ba shi lungu bayan kantar littattafai, ta ce ya ajiye dardumarsa a durowarta. Kafin shekara ta ƙare su bakwai ke tsayawa a lungun. Allah ya saka wa matar nan.

Alwala ce ta so ɓata mana tafiya. Yara sukan jiƙa ƙasan banɗaki, mai shara ya kai ƙara, kuma gaskiyarsa ce, wani zai iya zamewa. Na saya wa nawa huffi ya riƙa shafa, na ce ya goge wurin da takarda kafin ya fita.

Juma'a kuma, tun 1952 kotun ta halatta a saki yaro ya fita waje don addini in iyaye sun nema a rubuce, shari'ar ma daga birnin nan ta taso. Ki rubuta takarda, ki sa lokacin fita da na dawowa. Tun 2015 kuma makarantun birnin suna rufewa ranar Idi idan ta faɗo ranar karatu.

Ki gaya masa iyakarsa tun yanzu. Ba zai tashi tsakiyar darasi ko jarrabawa ba izini ba, ba zai tare hanya ba, ba zai matsa wa ɗan'uwansa Musulmi da bai so zuwa ba. In an ba su ɗaki, kada ya kori kowa. A 2017 ofishin babban lauyan jihar Texas ya tuhumi wani ɗaki da ɗalibai Musulmi ke salla a Frisco, amsar hukumar makarantun ita ce ɗakin a buɗe yake ga kowa.

Abu ɗaya ke damuna yanzu. A 2022 Kotun Ƙoli ta ba wani kociyan makarantar gwamnati, Joseph Kennedy, gaskiya kan durƙusawa yana addu'a a tsakiyar fili bayan wasa. Wasu abokaina a masallaci sun yi murna, ni ban yi ba. Ƙaramin ɗana yana ƙwallo, na san yadda yake kallon mutumin da ke zaɓar wanda zai shiga fili. In wannan mutumin ya durƙusa, yaran suka kewaye shi, ɗana zai tsaya gefe shi kaɗai?

Ki je makarantar kafin Nuwamba, ki nemi tafinta in kina buƙata, kyauta ne. Kafin nan ki zauna da yaron ki ji ta bakinsa, don sau da yawa kunyar cire takalmi gaban tsara ta fi doka hana su. Takardar da na rubuta tana nan a ajiye, ki yi mini magana in turo miki ki sauya suna da aji.