Wanda rana ta buga, a jiƙa shi, kada a lulluɓe shi

Tambaya: Likita, salama. Ni shugabar Zumuntar Mata ce a wata ikkilisiya kusa da Yola. Makon jiya maƙwabcinmu mai noman rani ya yanke jiki ya faɗi a fadama da tsakar rana, jikinsa kamar wuta, yana sambatu. Muka ba shi Panadol, muka lulluɓe shi da bargo, muka yi ta addu'a. Da ƙyar aka ceto shi a asibiti. Hankalina ya tashi. Me ya kamata mu riƙa yi wa manoma da maƙwabta a wannan bazara?

Amsa: Salama, Mama. Allah ya saka muku da alheri da ba ku bar shi a yashe ba. Amma bargon nan ya kusa ƙarasa shi, kuma a kansa zan daɗe, domin kowace bazara sai an kawo mana irinsa.

Mutanenmu sun ɗauka duk zafin jiki zazzaɓin cizon sauro ne, maganinsa a rufe mutum ya yi gumi. Bugun rana dabam yake. Jiki ne ya kasa fitar da zafin da ya kwasa, har ya haura digiri 40, ƙwaƙwalwa ta fara rikicewa. Sambatun da kuka ji ke nan, ba iskoki ba. Panadol ba ya sauke wannan zafi, yana iya ma ƙara wa hanta wahala. Abin da ya fi ci mini rai shi ne mai kemis da zai tsira wa irin wannan mutum allurar maleriya, ya karɓi kuɗi, ya ce a koma gida. Da mai ɗakin addu'a da zai riƙe shi har la'asar yana korar aljani, alhali ƙodarsa na mutuwa. Ku yi addu'a, amma hannu na aiki: inuwa, a cire masa riga, a kwarara masa ruwan sanyi, a yi ta fifita, a sa jiƙaƙƙen tsumma a wuya da hammata da matsematsi, a ci gaba da haka har a kan hanyar asibiti. In bai cikin hayyacinsa, kada a ɗura masa ruwa a baki, zai shaƙe. In wuyansa ya sandare, ku gaya wa likita nan take, lokacin sanƙarau ne.

Wanda ya galabaita kawai, yana magana daidai, a ba shi ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya, wato ledar fiya wata biyu, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin cokali na gishiri.

Ki karanta wa mata 2 Sarakuna sura 4. Yaron Bashunamiya a gona wurin masu girbi ya fara kukan kansa, kafin rana ta karkata ya mutu. Ubangiji kuma a Matiyu 10:42 bai raina kofin ruwan sanyi ba. To, me ya hana ikkilisiya ajiye randa a ƙofarta domin kowa, Kirista da Musulmi, har Bafulatanin da ke wucewa da shanu? Mai ɗaukar 'yan ƙwadago a cikinku ya sallame su kafin rana ta take, su dawo da yamma, kada ya rage musu lada. Ku raba gidajen tsofaffi da gwauraye a tsakaninku, musamman masu kwana a ɗakin kwano, a riƙa leƙa su da azahar, a tambaye su ko sun yi fitsari yau, da kuma launinsa, domin a gane ko ruwan jikinsu ya yi ƙaranci.