Tiyatar Gwiwa Karo Na Biyu: Likita Ya Amsa Tambayoyinku

Tambaya: Likita, gwiwata tana ƙara idan na tsuguna, amma ba ta min ciwo.

Amsa: In ba ciwo ba kumburi, ka kwantar da hankalinka. Ranar da ta kumbura, ka je asibiti.

Tambaya: An yi min tiyatar jijiyar ACL, wato jijiyar cikin gwiwa da ke hana ta gocewa, ta sake tsinkewa a wurin ƙwallo. Yanzu gwiwar tana gocewa. Abokaina sun ce in riƙa yin allurar kashe ciwo kafin wasa, wai tiyata ta biyu wahalar banza ce.

Amsa: Haba ɗana! Wannan shawara ita ce ke tsofar da gwiwar matasa tun ba su kai ko'ina ba. A cikin kowace gwiwa akwai meniskus guda biyu, guringuntsi masu siffar jinjirin wata da ke rarraba nauyi tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri. Akwai kuma guringuntsi mai santsi da ya lulluɓe kan ƙasusuwan. Duk sanda gwiwarka ta goce, ƙashi yana murɗe su ne yana gugarsu. Allurar ta ɗauke maka ciwon, gugar kuwa tana nan. In kuma sitiroyid ce, wato allurar rage kumburi, ake ta maimaitawa, ita kanta tana raunana guringuntsin.

Abin da ya fi damuna shi ne, guringuntsin kan ƙashi ba shi da hanyoyin jini, in ya zaizaye ba ya komawa yadda yake. Meniskus ma gefensa na waje kaɗai jini ke isa sosai, can ne ɗinki ya fi kamawa. Shi ya sa a tiyata ta biyu aka fi tarar da ɓarna fiye da ta farko, musamman ga wanda aka taɓa yanke masa wani sashe na meniskus. Jijiya za a iya ɗebo wata daga cinya a dasa. Abin da ya zaizaye kuwa, shi ke kai mutum ga amosanin gaɓɓai da wuri.

Ka ajiye ƙwallo yanzu. Ka ga likitan ƙashi a yi maka hoton MRI, a gano abin da ya sa ta farko ta gaza. Wani lokaci ramukan da aka huda a ƙashi don dasa jijiyar a tiyatar farko sun faɗaɗa, sai an cike su tukuna, aikin ya zama kashi biyu. Don Allah kada ka ja lokaci.

Tambaya: Gwiwar yarona ta maƙale, ba ta miƙewa. An ce a ja ƙafar da ƙarfi za ta saki.

Amsa: Hajiya, kada ki bari kowa ya ja! Mai yiwuwa yagaggen meniskus ne ya shige tsakanin ƙasusuwa, ja zai ƙarasa yaga shi. Ki kai shi likitan ƙashi cikin gaggawa, tun ana iya ɗinkewa.

Tambaya: Yaushe zan koma wasa bayan tiyata ta biyu?

Amsa: Ba kafin wata 9 zuwa 12 ba, wasu ma sukan wuce haka. Sai likitan fisiyo, mai gashi da motsa gaɓɓai, ya gwada ƙarfin ƙafar ya yarda.