Amsa: Barkwancin manya zai yi wa yara?

Malam, ka ce kana barkwanci a wuraren biki nan Kaduna, kana tambaya ko abin da ke sa manya dariya zai yi a littafin yara. Gaskiya kaɗan ne zai yi. Dariyar manya ta habaici ce: tsadar mai, kishiya, ɗan siyasa. Yaro ba ruwansa da wannan. Abin da ke sa shi ƙyalƙyala shi ne ya ga babba ya yi wauta, shi kuma ya riga shi ganewa. Shi ya sa har yau Gizo yake tashe: ga kwaɗayi, ga tsamin baki, yara sun hango tarkon tun bai faɗa ba.

Tuna Samanja na marigayi Usman Baba Pategi a NTA Kaduna. Muna yara ba mu gane rabin zancen bariki, amma tsawarsa da karyayyar Hausar soja sun ishe mu.

Sai dai takarda ba ta da fuska balle murya. Gajarta jimla. Maimaita abu sau uku, na ukun ya karkace. Wa'azi kuwa, don Allah rage shi, suna sha a gida. In ka gama, karanta wa 'yan aji uku na firamaren unguwarku. Duk inda suka fara tsokanar juna, yanke wurin.