Ramin Linné: shin ya taɓa ɓacewa daga fuskar wata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a unguwar Zariya da ke Maradi. Na ji an ce akwai wani ƙaramin rami a kan wata wanda ya ɓace daga idon masu bincike. Gaskiya ne? Kuma a ina yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ramin da kake nufi sunansa Linné, sunan masanin tsirrai Carl von Linné na ƙasar Suwidin. Faɗinsa kilomita 2 ne da ƴan kai, zurfinsa kuma ya zarce mita 500, kuma wani dutse ne daga sararin samaniya ya faɗo da tsananin gudu ya haƙa shi.

Maganar ɓacewar ta taso ne a 1866, lokacin da Julius Schmidt, shugaban cibiyar nazarin taurari ta Atina a Girka, ya ce ramin da magabatansa suka zana babba mai zurfi ya gushe, sai wani farin tabo a gurbinsa. An daɗe ana muhawara, har wasu suka zaci aman wuta ne ya binne shi. Hotunan da kumbon Apollo 15 ya ɗauka a 1971 sun nuna ramin yana nan daram, bakinsa a zagaye. A ganina babu dalilin ɗora wa Schmidt laifi, domin ramin ƙarami ne ƙwarai a tazarar kusan kilomita 384,000, farar ƙurar da ta fantsama kewaye da shi kamar toka a bakin murhu takan rinjayi ido idan rana ta take a kansa, inuwar cikinsa kuma ba ta fitowa sai hasken ya zo a karkace.

Ramin yana cikin ɓangaren yamma na baƙin filin da ake kira Mare Serenitatis, wanda narkakken dutse ne da ya daskare. Daga yamma akwai tsaunukan Apenninus da Caucasus, kuma a gindin Apenninus ne Apollo 15 ya sauka. Kudu maso gabas kuma ramin Bessel ne, mai faɗin kusan kilomita 16.

Idan kana son nuna wa ɗalibanka, ka nemi madubin hangen nesa bayan damina, kafin hazon hunturu ya rufe samaniyar Maradi. Farin tabon zai bayyana idan wata ya kusa cika, amma ramin kansa sai da babban madubi.