Tseren masu shigar dodo a filin besbol

Ɗan'uwa, ka tambaya ko mutanen da ka gani a bidiyo sanye da manyan kawuna suna tsere a filin besbol 'yan wasa ne. A'a, masu nishaɗantar da 'yan kallo ne. Wasan besbol zagaye tara ne, kuma duk lokacin da ƙungiyoyi ke sauya wuri sai fili ya yi tsit na 'yan mintuna. Ɗaya daga cikin irin wannan giɓin ake cikewa da tseren.

Wanda ka gani, ina kyautata zaton na ƙungiyar Nationals ne a birnin Washington, wanda aka fara a 2006. Suna shigar tsofaffin shugabannin Amurka: Washington, Jefferson, Lincoln da Theodore Roosevelt. Labarin Roosevelt ne ya fi taɓa ni. Da gangan aka riƙa kayar da shi, sama da sau 500, har magoya baya suka dinga kiran a bar shi ya ci. Sai ranar 3 ga Oktoba, 2012 ya yi nasarar farko, fili ya ɗauki sowa.

A birnin Milwaukee na Amurka kuwa shigar tsiran-Bature suke yi, su biyar.

Ni dai ina son abin, wallahi. Yaron da bai san dokar wasan ba ma yana da wanda zai mara wa baya.