Amsa ga ɗan'uwan da aka mayar da yaronsa baya a futi

Salamu alaikum jama'a. Malam na ga tambayarka tun jiya, ban samu zama ba ne sai yanzu. Ka ce yaronka ɗan shekara 15 yana buga futi, wato ƙwallon Ostireliya, a kulob ɗin unguwa can yammacin Melbon, da a gaba yake yana ta cin ƙwallaye, bana koci ya mayar da shi baya, ana ta zura ƙwallo ta kansa, yaro ya fara jan ƙafa wajen zuwa atisaye, kai kuma kana tunanin ko dai ka cire shi ka mayar da shi ƙwallon ƙafar da muka sani. Toh ni dai shawarata kada ka cire shi, kuma kada ka je wajen koci kana roƙon a mayar da shi gaba. Na daɗe ina taimakawa a kulob ɗin yara a nan, tun daga ɗaukar ruwa har aka fara bar min 'yan baya a atisaye, kuma abin da ka faɗa ɗin nan kusan duk shekara sai na ga irinsa.

Ka fara sanin cewa a wannan wasan babu gola, babu satar gida, mutum 18 ne kowane ɓangare a fili mai girman gaske, saboda haka idan ɗan baya ya sha kashi babu wani a bayansa da zai rufa masa asiri, kowa na kallo. Shi ya sa koci mai hankali ba ya jefa yaron da bai yarda da shi ba a can. Yaro dogo wanda ya taɓa buga gaba ya san inda ɗan gaba ke son ƙwallo ta sauka, ya san lokacin da ake ballewa da gudu a nemi fili, kuma wannan sanin shi ne rabin aikin baya.

Abin da ya fi muhimmanci a gare ni, kuma shi ne dalilin da ya sa na zauna rubuta wannan doguwar amsa, shi ne ɗan baya dogo ba ya nuna da wuri. Wallahi ba ya yi. A shekara 15 yaronka tsayi ya zo masa amma ƙarfi bai zo ba, ana haɗa shi da yaran da jikinsu ya riga ya cika, su ture shi da kafaɗa su cafe ƙwallo, kuma babu wani atisaye na sati biyu da zai gyara wannan, sai lokaci da abinci da barci da motsa jiki a hankali. Ka dubi manyan 'yan bayan da suka yi suna. Jeremy McGovern na kulob ɗin West Coast an ɗauke shi a ƙarshen 2010 cikin jerin 'yan gwaji, bai taka wasan manya ba sai 2014, daga baya ya shiga zaɓaɓɓun ƙasa, wato jerin gwanayen da ake fitarwa duk shekara, har shekara huɗu a jere daga 2016 zuwa 2019, kuma cafkar da ya yi a ƙarshen wasan kofi na 2018 ita ce ta fara harin da abokin wasansa Dom Sheed ya ci ƙwallon nasara. Jacob Weitering shi ne na ɗaya a zaɓen ɗaukar sababbin 'yan wasa na 2015, na ɗaya fa a duk ƙasar, amma sai 2024 ya fara shiga zaɓaɓɓun. Alex Rance na Richmond an zaɓe shi 2007, ya yi shekaru magoya baya suna ƙorafi da shi, sai daga 2014 ya zama wanda babu kamarsa har shekara biyar a jere. Wanda na fi so ka ba yaronka labari shi ne Aliir Aliir, an haife shi a sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma a Kenya, iyayensa 'yan Sudan ta Kudu, Sydney ta ɗauke shi a 2013 a lamba ta 44, bai fara buga wa manya ba sai 2016, ya koma Port Adelaide sannan ya shiga zaɓaɓɓun ƙasa a 2021. Daga ɗaukarsa zuwa nan shekara takwas kenan.

Yanzu me ya kamata ya koya. Ni da naushin ƙwallo nake fara wa yara. Yaron da ya fito daga gaba ya saba idan ƙwallo ta taso sama shi ne zai cafe, to a baya idan yana bayan abokin karawarsa ya miƙa hannu biyu zai cafe, sau da yawa wancan ne zai samu, kuma ka san dokar, duk wanda ya cafe ƙwallon da aka buga ta yi tafiyar mita 15 ba ta taɓa ƙasa ba an ba shi bugu babu mai taɓa shi, idan kusa da raga ne maki shida sun tafi, don a wannan wasan cin ƙwallo ɗaya maki shida ne. Saboda haka idan yana baya ya dunƙule hannu ya naushe ta, kuma ya naushe ta zuwa gefen fili, kada ya mayar da ita tsakiya inda ƙananan 'yan gaba ke jira a ƙasa. Dustin Fletcher ya buga wa Essendon wasa 400 kuma da wannan naushin aka fi saninsa. Yara suna raina shi saboda ba a tafa masa kamar cafka, amma koci yana gani.

Sai aikin jiki, wanda a ganina ya fi kama da kokawa, wanda ya fi sanin inda zai dasa ƙafa ya sa ƙugu shi ke kayar da wanda ya fi shi nauyi. Ya riƙa taɓa mutuminsa da damtse ko ƙugu yana jin motsinsa alhali idonsa na kan ƙwallo can gaba, don idan ya zuba wa ƙwallo ido kaɗai mutumin ya sulale, idan kuma mutumin kaɗai yake kallo ƙwallo ta zo bai shirya ba. A nan ne yara ke yawan ba da bugun laifi, tura mutum ta baya, riƙe riga, sare masa hannu lokacin da zai cafe, ko taɓa shi sama da kafaɗa. Idan alƙali ya hura ya yi shiru ya tsaya a wurin, gardama tana jawo a ƙara matso da abokin hamayya kusa da raga, kuma na sha ganin wasa ya lalace ta nan.

Barin mutuminsa ya je ya tare ƙwallon wani, irin na McGovern da Aliir, wannan sai daga baya. Duk yaro shi yake son yi saboda shi ake nunawa a talabijin, amma wanda bai iya tsare mutum ɗaya ba idan ya fara yawo sai ya bar rami biyu. Zai zo da kansa idan ya fara karanta jikin mai bugu, inda kafaɗarsa ta fuskanta da inda ya ɗaga kai ya kalla.

Wurin da kai za ka taimaka da hannunka shi ne bugu. Yaranmu da suka tashi a gidan ƙwallon ƙafa matsalarsu ba ƙafa ba ce, sakin ƙwallon daga hannu ne, suna jefa ta sama ko su sake ta da hannu biyu sai ta karkace. Hannu ɗaya ne zai raka ta har kusa da ƙafa, ta sauka a tsaye, ta tafi tana juyawa baya. Ku je fili da yamma ka tsaya nesa kamar mita 20 zuwa 30 ya riƙa nemo ƙirjinka, dama da hagu, yana tsaye sannan yana gudu. Ba sai ka iya wasan ba, ka cafe ka mayar masa kawai. Ɗan baya da ya ƙwace ƙwallo sannan ya buga wa abokin hamayya a gaban ragarsa ya ɓata duk wahalarsa, kuma masu neman yara ga ƙungiyoyin 'yan ƙasa da 18 irin su Western Jets da Calder Cannons bugun nan suke fara dubawa. Ya kuma koyi buɗe baki, 'yan baya shida ne kuma na can ƙarshe shi ke ganin fili gaba ɗaya. Mun koya wa yaranmu kunya da rage murya a gaban manya, tarbiyya ce mai kyau, amma ka gaya masa da bakinka cewa a cikin fili ka yarda ya yi ihu ya ba da umarni, in ba haka ba zai yi ta shiru yana ganin kuskure yana tahowa.

Kai ma ka canza yadda kake kallon wasansa. Idan kun shiga mota kada tambayar farko ta zama sau nawa ka taɓa ƙwallo. Ka kalli mutumin da yake tsarewa, sau nawa ya cafe, kuma bayan an ci ta kansa me ya yi a karo na gaba, ya ja baya ne ko ya sake shiga. Wani lokacin ma laifin ba nasa ba ne, idan 'yan tsakiya suka bar mai bugu ya ɗaga kai ya zaɓi inda zai ajiye ƙwallo babu ɗan bayan da zai iya hanawa.

Maganar azumi da sallah da na san tana ranka ko ba ka faɗa ba, Bachar Houli ya buga baya ta gefe a Richmond, ya ci kofi a 2017 da 2019 da 2020 yana riƙe da addininsa a fili, kuma gidauniyarsa tana da shiri na musamman don matasa Musulmi, ka neme su. Ka sanar da koci tun kafin Ramadan, yawancinsu suna sassautawa. Akwai kuma makarantun da kulob-kulob na AFL, wato babbar gasar ƙwararru ta ƙasa, ke yi wa yaran baƙi da 'yan asalin ƙasa, ka tambayi kulob ɗinku wanne ne ke kula da yankinku. Amma gaskiya ɗaya ce, waɗanda ake ɗauka a babban zaɓen kowace Nuwamba ba su kai 100 ba a duk ƙasar, kada karatu ya tsaya saboda futi.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi shi ne bugun kai. Ɗan baya yana yawan komawa da baya cikin cunkoso idonsa a sama, nan ake haɗa kai. Tun 2024 dokar wasannin da ke ƙasa da matakin ƙwararru ita ce aƙalla kwana 21 kafin a dawo wasa bayan girgizar ƙwaƙwalwa, McGovern kansa girgizar ƙwaƙwalwa ce ta sa ya ajiye wasa a 2025. Idan yaro ya ce kansa na juyawa ko haske na damunsa ku je asibiti, ko da wasan ƙarshe ne a satin, kuma robar haƙora kada ya shiga fili babu ita ko a atisaye.

Idan za ka je wajen koci, ka je da yaron, shi ya tambaya da kansa abu biyu da ake so ya gyara kafin ƙarshen kaka. Ka faɗa min tsayinsa da kuma ko manyan 'yan gaba ake ba shi ko ƙanana, don atisayen ya bambanta, sai in turo maka abin da muke yi da namu. Allah ya raya shi ya yi masa albarka.